Matashin Kan da Ya Kusa Raba Mu da Tafki

Ku ɗan matso kusa, maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce, ko da yake yanzu babu wanda bai san ta ba a unguwarmu. Labarin wani matashin kai zan ba ku, da abin da ya jawo wa tafkin bayan gidanmu.

Ni mace ce ta zaman gida. Tun da aure ya kawo ni ƙauyen nan na gefen Kiyako, ko Birnin Kudu ba na shiga sai in asibiti ya kama ko wani biki na dole. Ban taɓa jin na rasa komai ba kuwa, don duk abin da ke faruwa a garin nan ta bakin tafki yake bi, tafkin kuma ga shi nan bayan katangarmu. Ina tsakar gida ina tankaɗe zan gaya muku injin ban-ruwan wa aka tayar, da shanun wace ruga suka sauko sha, da matar da ke buga wanki cikin fushi. Injin Malam, maigidana, sai ya yi tari sau biyu kafin ya kama. Da ruwan tafkin nan yake lambunsa na rani, albasa da tumatir da attaruhu, a ciki kuma ƙaninsa yake su, yana kawo mana tarwaɗa da karfasa.

Ina da ƙanwa da aure ya kai ta can wajen Haɗeja. Shekarar da ta zo sunan autata, sai ta ciro wani matashin kai daga jakarta ta miƙo mini.

"Yaya, taɓa ki ji."

Na taɓa. Laushi kamar cikin ɗan tsako. Na ce, "Audugar rimi ce?"

"Ina! Kan kacala ne. Wata ciyawar ruwa ce da ta addabe mu, ta toshe mana hanyoyin ruwa, maza kullum suna cikin tsine mata. Mu kuwa mata muka ce tunda ta zo, bari mu ci moriyarta."

Muna tsintar shinkafa tana ta zuba, yadda mazansu ke shiga ruwa da lauje, da yadda suke fitowa jikinsu duk ƙaiƙayi. Hankalina yana kan tukunya, amma kunnena ba ya yar da magana, sai dai ya ajiye ta.

Na more matashin nan. Malam ya sha cewa in ba shi aro, ina cewa kyautar 'yar'uwa ba a ba da ita. Da ya kwana biyu sai cikinsa ya dunƙule, ya yi gudaji-gudaji. Wata rana a ƙarshen bazara na farke bakinsa, na zazzage a kan tabarma kusa da ƙofar baya, don rana ta buɗe shi. Na shiga ɗaki sallar la'asar ke nan sai hadari ya taso da iskarsa. Kafin in sallame in fito, tabarma ta koma jikin katanga, abin da ke kanta kuwa ya tashi sama fari fat, ya haye katanga ya bazu kan tafki. Na tsaya da fankon matashi a hannu ina jin haushi. Wallahi matashin kaɗai na yi wa baƙin ciki, ban kawo komai a raina ba.

Da shekara ta kewayo, wata ciyawa ta fito a bakin ruwa ta ɓangarenmu, dogayen ganye kamar na albasa amma sun fi mutum tsayi. Ba wanda ya kula. Bayan wata daminar sai ta kewaye rabin tafkin, ta fitar da kai mai ruwan ƙasa kamar zangarniyar gero. Ƙanin Malam, wanda tun ina amarya muke wasa da shi, ya shigo da kifi a hannu ɗaya, kan ciyawar a ɗaya.

"Matarmu, ga geron aljanu na kawo miki, ki daka mana fura."

Ya murje shi a tafin hannunsa. Farin abu ya tashi ya cika ƙofar ɗakina. Na gane shi tun kafin ya sauka ƙasa, don shekara biyu ina ɗora kaina a kansa. Na karɓi kifin na ce masa ya fita da ƙazantarsa, ya fita yana dariya. Ban gaya wa kowa ba.

Mazan garinmu manoma ne, abin da suka sani game da ciyawa shi suka yi mata. Suka jira rani ya yi, ruwa ya ja baya, suka yi mata sassabe kamar sabuwar gona, suka bari ta bushe suka cinna wuta. Ranar an yi murna, har da masu cewa an gama da ita. Da ruwa ya sauka sai ta fito kore shar, ta fi da kauri, kamar taki aka zuba mata. Aka sake yi a rani na gaba, ta sake dawowa. Ruwan da ake gani ya koma ɗan fili a tsakiya. Ragar ƙanin Malam ta dinga sarƙewa tana yagewa. Tsuntsayen jan-baki suka samu wurin kwana, da safe su tashi kamar hayaƙi su faɗa gonakin gero. Sauro kuwa kada ma a yi magana. Malam ya ƙara wa injinsa tiyo, ya sake ƙarawa, duk da haka laka da ruɓaɓɓen ganye yake zuƙowa. Ina daga gida ina jin injin yana shaƙewa yana mutuwa.

Ranar da ya shigo ya zauna bakin rumbu ya ce, "Bana in an gama girbi, cirani zan tafi. Lambun nan ya ƙare," ranar na san shiruna ya isa. Mutumin da gemunsa ya fara fari, wanda tun da aka kawo ni bai taɓa yin mako a wani gari ba, shi ne zai je ya yi dako ko turin ruwa a garin da ba a san shi ba. Ni kuma in zauna ina sauraron tafkin da babu injinsa a ciki.

Na tuna ƙanwata ta ce mazansu ruwa suke shiga da lauje. Ban taɓa jin ta ce wuta ba. Na ɗauki waya na kira ta, na gaya mata komai, har da tabarma da iskar hadari. Ta yi salati, sannan ta yi dariya har da tari.

"Yaya, wa ya ce ku ƙona ta? Ai gyaran gona kuka yi mata. Saiwarta tana can cikin laka, wuta ba ta kai wa gare ta."

"To yaya ake yi?"

"Nutsar da ita ake yi. Ki karya karan ki gani, cikinsa kamar soso yake, ta nan saiwar ke shan iska. A yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamu ɗaya ko fiye, lokacin da tafki yake cike. Ruwa ya rufe bakin karan, sai ta shaƙe ta ruɓe. In ta sake leƙowa a sake yankewa. Kuma a yi kafin kan ya fashe, in ba haka ba kin san sauran."

"Na sani," na ce. "Ni kuwa na sani."

Da safe na kai wa Malam koko da ƙosai, na zauna nesa kaɗan ina murza bakin zanena. Na ce, "Malam, ciyawar nan sunanta kacala. Kuma ni na kawo ta." Na kwashe labari na gaya masa. Ya ajiye ludayi. Ni dai ina jiran faɗa.

"Wane matashi?" ya ce. "Mai laushin nan? Wanda na yi ta roƙo kika hana ni?"

"Shi."

"Da kin ba ni, ai da yana nan ƙarƙashin kaina har yau."

Ya ɗauki ludayinsa ya ci gaba da shan koko. Sai da ya shanye ya ce in sake faɗa masa maganar ƙanwata, a hankali, kada in tsallake komai. Na maimaita masa kamar yadda ta faɗa, har da inda ta yi tari.

Matsalar ita ce lokacin da tafki yake cike shi ne lokacin da gero ya nuna, kowa yana gona. Babu mai barin girbi ya shiga ruwa har ƙirji a kan maganar da ba a san tushenta ba. Malam ya ce zai gaya wa mai unguwa cewa a kasuwa ya ji, don ya rufa mini asiri. Na ce a'a, maganar kasuwa an ji ta da yawa a kan ciyawar nan, ya faɗi gaskiya, su san daga garin da suka daɗe suna fama da ita dabarar ta fito. Duk da haka dattawa suka yi ta girgiza kai. Sai shi da ƙaninsa suka shiga su biyu, suka yanke wuri kamar faɗin ɗaki ta bayan katangarmu, can ƙasan ruwa, suka jawo karan waje. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki wurin ya fara wari, ƙanin Malam ya sa hannu ya tumɓuko saiwa baƙa, tana narkewa kamar ruɓaɓɓen rogo. Ya ɗauke ta a kan gorarsa ta su ya kai ƙofar mai unguwa. A ranar aka sa gayya.

Ban taɓa ganin tafkinmu da mutane kamar safiyar gayyar nan ba. Maza sun jeru cikin ruwa da lauje, wasu har wuya, masunta suna kan gora suna yanke ta wajen zurfi, wasu a baki suna ja da igiya suna tarawa. Duk kan da aka gani ya yi ruwan ƙasa, a karye shi a hankali a jefa cikin buhu. Mu mata muka kafa murhu a bayan katangarmu, dambu da kunun tsamiya. Labarin matashi kuwa ya riga ya zaga gari. Ƙanin Malam ya ɗago kai daga ruwa, ganye a kunnensa, ya ƙwala mini kira.

"Matarmu! Akwai sauran wuri ta gabas da ba ta kai ba. In da wani matashin, kawo mu ƙarasa shuka!"

Aka fashe da dariya har cikin ruwa. Na ce, "Ka fara cire matsattsakun da ke shan ƙaurinka tukuna, kada su ƙarar da ɗan jinin da ya rage, a ce ni ce."

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana juya dambu ta ce, "Ku ƙyale ta. Ita sau ɗaya ta shuka, ku sau biyu kuka zuba taki."

Mazan da suka fi zaƙewa wajen cinna wuta suka sunkuyar da kai cikin ruwa kamar masu neman wani abu. Malam kuwa na ga kafaɗarsa tana rawa don dariya.

Sau uku aka shiga a shekarar nan. Ba ta tafi duka ba, kuma ba na jin za ta tafi. Har yanzu akwai ta ta wajen kwari, duk shekara in an kai gero gida sai a ware safiya biyu a shiga da lauje, mu kuma mu dafa. Karan da aka jawo ana shanya shi a yi zana, ga ma guda can ta kewaye mini madafa. Amma ruwa ya buɗe. Ranar da Malam ya mayar da injinsa tsohon wurinsa, ina tsakar gida na ji ya yi tari sau biyu ya kama, ya tafi santal babu shaƙewa, sai na ajiye rariya na zauna ina ji kawai. Maganar cirani ba ta sake tasowa ba. Albasar shekarar nan har ƙanwata na aika wa.

Daga baya wani malamin gona ya biyo ta garinmu, aka ba shi labari. Ya ce wa Malam a daina ɗora mini, iska da tsuntsaye ma suna kawo irin, ya gan ta a wasu tafkuna ta wajen Gwaram inda babu mai matashina. Na ji daɗin maganarsa, Allah ya saka masa. Sai dai ni na ga abin da ya haye katangata, kuma ta ɓangarenmu ta fara fitowa.

Malam ya sayo mini wani matashin a kasuwar Birnin Kudu, na soso, mai tauri kamar bulo. Ya ce wannan ko guguwa ce ta ɗauke shi ba zai tsiro ba. A kansa nake kwana, ina jin kwaɗi da motsin ruwa ta bayan katanga, kuma ban taɓa yin ƙorafi ba. Wani lokaci dai ina lissafa daminar da na yi shiru, in ce da na buɗe baki tun ranar da aka murje kan nan a ƙofar ɗakina, da ba a kai ga maganar cirani ba. To ku fa, da ku ne kuka gane farin abin nan yana tashi a ƙofarku, a ranar za ku faɗa, ko ku ma sai kun ji maigida yana shirin ɗaure kaya?