Na'urar da Ta Ƙi Sayuwa a Shinkafi

Armiya'u mutumin Ƙauran Namoda ne, amma da wuya ka same shi a Ƙaura. Ya yi ɗinki ya bari. Ya yi fataucin awaki ya bari. Ya buɗe rumfar cajin waya, damina ba ta fita ba ya rufe. Ko a zaune yake, ƙafarsa ba ta daina rawa.

Wata shekara ya sayo tsofaffin wayoyi na gwanjo, a cikinsu ya tarar da wata na'ura mai faɗi, sirit kamar faifai. Ya ɗauka ta kallon fim ce. Da ya kunna sai ga rubutu baƙi a kan fari, kamar takarda. In ka taɓa gefen gilashin, shafi ya juya.

Ranar kasuwar Shinkafi ya wuni yana yawo da ita yana neman mai saye. Wani dillalin shanu ya jujjuya ta ya ce, "Wagga aba tana waƙa?"

"A'a."

"Kira fa?"

"Karatu kurum."

Dillalin ya miƙa masa abarsa ya yi gaba.

Da zai koma sai ya ratse Zurmi wajen yayarsa Sa'ida, malamar firamare. Ita ta gane ta, na'urar karanta littattafai ce. Ta ce irin na da, da ta gani a kwaleji, maɓallai gare su a jere. Wannan kuwa yatsa kawai take so, caji ɗaya ya kai ta makonni, hasken rana ma ba ya dusashe rubutun. Ta sa aka zuba masa littattafan Hausa a cikinta.

"Yaya, ni da ban iya zama ba?"

"To karanta a tsaye."

Haka kuwa ya yi. Yana kai da kawo yana karatu, bai gama wannan ba ya faɗa wancan.

Wata rana yana tashar Ƙaura aka ce 'yan bindiga sun tare hanya. Motoci suka tsaya cak, hankalin fasinjoji ya tashi. Wata tsohuwa da ta gan shi yana karatu ta ce, "Ɗan nan, karanta da ƙarfi mu ji." Ya ƙara girman baƙaƙen da yatsa, ya soma, yana zagaye benci. Mutane suka matso.

Bayan la'asar aka buɗe hanya, labari kuwa bai ƙare ba. Tsohuwa ta riƙe gefen rigarsa gam. Shinkafi ya nufa a ranar, amma motar tsohuwar ya shiga, ta yi Gusau da shi.