Sojan Yumɓun da Yaya Ya Bari

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Mamman Sani makwancinsa a birnin Lyon na Faransa, daga shi sai likkafani. Amma akwai abu guda nasa da ya hana ni sakat: wani ɗan soja na yumɓu, tsawonsa kamu guda, sanye da sulke, hannunsa a dunƙule kamar an ƙwace masa mashi.

Daga ƙasar Sin ya zo da shi, lokacin da yake zuwa saro kayan shagonsa na Vénissieux, a gefen Lyon. Mutumin da ko hoton aurensa bai yarda a rataya a bango ba, shi ne ya girke wannan abu a kan kanta. 'Yan uwanmu Damagarawa suka yi ta gunaguni, ni ma na taya su a bayan idonsa. A gabansa kuwa ban taɓa tambayar dalili ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ba na son a ga ban gane ba.

Da aka raba kayansa, sojan ya faɗo hannuna. Mai ɗakina ta ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da gunki. Malam Issufu, limaminmu, ya ce in cire masa kai, ya koma yumɓun da yake. Na ce musu na farfasa shi. Ƙarya ce, Allah ya yafe mini. A kabad ɗina na wurin aiki a Saint-Fons na ɓoye shi.

Watan jiya na je Paris wurin Rakiya, 'yar marigayin, wadda ke karatu a can, ta ja ni gidan tarihi. Ga sojojin yumɓu na ainihi nan jere a bayan gilashi, waɗanda aka tono daga kaburburan manyan Sin. Ta ce tare da mamaci ake binne su don su yi gadinsa.

Na ce, "Gadinsa daga wa? Mala'ikun kabari?"

"Haba Tonton! Papa nan yake kawo ni. Sai ya tsaya ya ce, 'Dubi bayin Allah, maigidan ya daɗe da zama ƙasa, su har yau ba a sallame su sun koma gida ba.'" Ta dube ni. "Na Papa yana wurinka, ko? Shi kaɗai nake so."

Tun daga ranar kaina ya ɗaure. Tausayinsu Yaya yake ji, ko dariya yake musu, ko kansa yake gani, shi da kullum yake cewa baɗi zai koma Damagaram? Da yana nan, zai ce in ba ta, ko zai ce in ji maganar liman? In na sare kan, na sare abu ɗaya tak da marainiya ta roƙe ni. In na ba ta, na kai gunki ɗakin 'yar yayana da hannuna.

Shagon yanzu wani Balarabe ke gyaran waya a ciki. Rigunan Yaya an rabar. Abin da ya yi saura shi ne yadda yake jin tausayin duk wanda ya yi nisa da gida, har na yumɓu, kuma a bakin 'yarsa na ji shi, ba a nawa ba.

Ranar Lahadi ta zo Lyon, na miƙa mata sojan a jaka a tashar jirgin ƙasa. Wani ya gogi jakar, ta rungume ta da hannu biyu kamar jariri. Jirgin ya tashi, na tsaya ina istigfari, ban san wa nake nema wa ba: ni, ko ita, ko Yaya.