Ƙuri'ar Direba

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa ɗan majalisa, har sunansa ya ɓace. Matarsa ma Direba take ce masa in ta so tsokana. Zaɓe biyar suka ci tare, shi ya sa ranar sakamako ba ya jiran rediyo. Da sassafe zai wanke mota, ya ɗaura mata tutar jam'iyya, ya juya hancinta wajen ƙofa, da an faɗa sai zagayen gari.

A zaɓe na shida akwai abin da ke cin ransa. Mahaifiyarsa ta rasu ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, maigida bai zo gaisuwa ba, sai aike ya yi a tambaye shi inda ya ajiye makullin mota. Ranar jefa ƙuri'a Direba ya shiga bayan labule ya dangwala wa abokin hamayya, wani malamin makaranta mai yawo a keke. Don ya huce kawai. Ƙuri'a ɗaya me za ta yi wa mutumin da ke cin zaɓe kamar shan ruwa?

Ranar sakamako ya wanke motar kamar kullum. Yana goge madubi rediyo ya fara karanto sakamako. Jam'iyyar maigida da ke mulki tun Direba yana goye ta faɗo daga kujera ɗari da tamanin zuwa sha ɗaya. Ministoci suka yi ta zubewa. Da aka zo mazaɓarsu, aka kira sunan mai keke.

Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya dubi maigadi, maigadi ya sunkuyar da kai. Kuku ya leƙo ta taga ya yi wuf ya koma. Nan ya gane ashe ba shi kaɗai ya so hucewa ba, kuma gobe dukkansu ba su da aikin yi.

Sai bayan la'asar maigida ya fito, ba hula, silifas a ƙafa. Ya kwance tutar da hannunsa, ya naɗe, ya miƙa wa Direba.

"Riƙe wannan," ya ce. "Duk garin nan kai kaɗai ne ba na shakkar ƙuri'arka."

Direba ya karɓa da hannu biyu. Ya yi shekara goma sha huɗu bayan nan yana jan motar haya, tutar tana ƙasan akwatinsa, bai sake zuwa rumfar zaɓe ba.