Ƙullin Gamba

Ranar Litinin ta farko a hutun Kirsimeti, shekarar da na gama aji huɗu, na kai wa babana abincin rana a bayan Kudenda, sai na tarar da katafilarsa a kashe. Wani dattijon Bafulatani na tsaye a gabanta, shanu sun cunkushe a bayansa suna kuka, ga sabon rami ja wur ya datse burtalin da suke bi zuwa kogi shan ruwa. Dattijon shi ne Arɗo Sale, wanda yakan sauko da garkensa kowace shekara bayan girbi. Babana Yohanna kuwa direba ne a wani kamfani mai haƙar marmara, wadda tifofi ke kwasa don gina tituna da masana'antu. Da wannan aikin muke ci, mu bakwai a ɗaki biyu.

Ashe akwai wata yarjejeniya tsakaninsu wadda ba a rubuta ba. Arɗo yakan bi gefen burtali yana ƙulle kawunan gamba, Baba kuwa da ya hango ƙulli daga saman motarsa sai ya karkata. Mu yara ina muka san wannan? Filin nan gidanmu ne na biyu. Can muke yanko ciyawar tsintsiya, mu kama fara, mu yi ɓoyo a cikin gambar da ta fi mu tsayi, mu koma gida da ƙaiƙayi a sha faɗa. Ranar Lahadin da ta gabaci wannan Litinin, bayan coci, ni da ƙawata Rifkatu muka ga ƙulle-ƙullen nan, muka shiga gasar wa za ta fi kwancewa. Ni na ci, har da rawa.

“Malam Yohanna, ina ƙullina?” in ji Arɗo, daidai lokacin da na iso da abincin. Baba ya ce, “Allah ya sani, Arɗo, ban ga ko ɗaya ba.” Nan na gane ƙullin da muka kwance ake nufi. Na ajiye kwano, na fashe da kuka, na tona kaina ina jiran bulala. Sai tsohon ya dube ni ya yi dariya. “'Yar birni, kin zaci kitso ciyawa ta yi?”

Abin da Baba ya yi bayan nan shi ne har yau nake alfahari da shi. Manajan kamfanin ya zo ya ce marmarar wurin ta fi kyau, a ci gaba da haƙa, shanu su zagaya ta kwalta. Baba ya ce, “Oga, in sun hau kwalta tifa za ta kwashe su. Ni na datse hanyar, ni zan gyara.” Ya ƙi tada mota, alhali ya san direbobi nawa ke jiran kujerarsa a bakin get. Manaja ya yi ta hargagi, daga baya ya ce a yi sauri. Baba ya tura jar ƙasa ya cike ramin, sannan ya shimfiɗa baƙar ƙasar sama, wadda dama kullum yake tarawa daban. “Irin ciyawa a cikin wannan baƙar yake barci,” haka yake cewa. Arɗo ya riƙa tsayar da shanunsa a wurin don su zuba taki, ni kuma aka ɗora mini horon sake ƙulle gamba tun daga kwalta har bakin ruwa. Arɗo ne ya koya mini yadda ake murɗa kan a soke shi ta ciki. Da damina ta sauka, ba mai iya nuna inda ramin yake.

Yanzu gidaje da wuraren buga bulo sun cinye filin, tsofaffin ramuka sun cika da koren ruwa, shanu na ratsa kwalta tsakanin tifofi. Baba da Arɗo duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ina kewar su ƙwarai. Bara na ga wata gamba ta tsiro a gindin katanga, hannuna ya ƙulle ta kafin in ankara. Na ɗaga kai na dubi katafilar da ke aiki a can gaba. Direban bai ko rage gudu ba.