Ƙwayar Kakar Albasa

Ni ba mai fita ba ce. Duniya ta zaure da katanga take shigo mani, amma kunnena bai cika yi mani ƙarya ba. Shi ya sa tun kafin kowa ya lura, na san ƙanena ya fara shan ƙwaya.

Direba ne, a-kori-kura yake ja, shina kwasar albasa daga Goronyo zuwa Sakkwato. In kaka ta kama, sawu bisa sawu yake yi, ba hutu. Da can in ya biyo gidana a Wurno, a hankali yake tsayawa. Sai nij ji taka birkinai ya sauya, kamar mai faɗa da motar, sallama kuma harshe na jan ta.

Nic ce, "Auta, mi kake sha?"

Yac ce, "Haba Yaya, maganin gajiya na. Kowa tasha shina shan shi. Ai ba giya ba ta."

Sai nib bar maganar, don ni ma haka nan niɗ ɗauka. Mu gidan malamai muke, a wurinmu maye na mashaya giya ne.

Ran nan da hantsi, kusa da Marnona, motar tab bar titi taf faɗa gona. Mai albasar, wani dattijo mutumen Boyekai da ke zaune bisa buhuna, yaf faɗo yak karye a hannu. Ma'aikatan kiyaye haɗurra sunka zo, sunka dubi idon Auta, sunka samu sauran ƙwayar cikin aljihunai. Anka ce sai kotu, kuma ɗauri na iya biyo baya.

A gidanmu, in magana ta kai gaban hukuma, kawu ake kira, yayan innarmu, limamin unguwa. Yakan sa babbar riga ya tafi ya ba da baki, kuma ba a cika mayar da shi hannu wofi ba. Yaz zo gidana tare da Inna, yaz zauna bisa tabarma, Inna na kuka tana faɗin, "Sharri na, Malam. Yaron ga ko goro bai dame shi ba."

Kawu yaj juyo gare ni. "Ke da ko kaza ba ta motsi ba ki ji ba, mi kinka sani?"

In na faɗi, ƙila ni na tura ɗan'uwana gidan yari. In na ɓoye, na sa tsoho ya shaidi ƙarya. Nic ce, "Kawu, shina sha. Ya kai wata biyu."

Inna tac ce, "Sannu, uwar gaskiya." Kwana da kwanaki ba ta amsa gaisuwata ba.

Kotu ban tafi ba, maigidana yak kawo mani labari. Wai alƙali ya bayyana cewa duk wanda yat tuƙa mota ba cikin hankalinai ba, doka ta ba da damar a ci shi tara, ko a ɗaure shi, ko a haɗa mashi duka, a kuma riƙe lasin tuƙinai. Auta yay yi rantsuwa bai taɓa ɗanɗana giya ba. Alƙali yac ce, "Na yarda. To mutumen ga da ka karya, giya ta karya shi?" Har 'yan kallo sai da sunka murmusa.

Sannan kawu yan nemi izini yam miƙe. Bai ce Auta bai yi ba. Yac ce ya yi, kuma laihi na, abin da yake roƙo kawai a ba shi yaron a hannunai maimakon gidan yari. Alƙali yay yi ta rubutu. Daga ƙarshe anka ci shi tara, anka ɗora mashi jinyar dattijon, anka riƙe lasin na wasu watanni. Ba a ɗaure shi ba.

Makonnin farko na barin ƙwaya ba daɗi. Zufa, ciwon gaɓoɓi, faɗa da kowa, har da ni. Kawu da kainai yak kai shi asibiti, da damina taf faɗi kuma yam miƙa mashi kalme na noma yac ce gero na jiran shi. Hannun da ya saba da sitiyari duk yay yi kanta. In ya taso gona nan yake biyowa ya sha hura, ya ce, "Yaya mai kunnen zomo, kin gama da ni." In ce, "Sha dai, ka rage surutu." Inna ma ta huce, ta aiko mani da daddawa, wadda ita ce ban-haƙurinta.

Da anka mayar mashi da lasin, tsoronai ɗaya, kada a rasa mai ba shi kaya, don labari ya gama tasha. Kwana biyu yana zaune ba wanda yak kira shi. Rana ta uku sai ga dattijon Boyekai, hannu ya warke, yac ce buhunansa na bakin hanya.

Auta yac ce, "Baba, ni za ka sake ba?"

Yac ce, "Kai ɗin. Amma gaba zan zauna, kuma in azahar ta yi mu tsaya ka yi barci. Albasa ba ta gudu."

Sun isa Sakkwato da la'asar, lafiya lau.