Majajjawar Kawu Audu a gobarar fetur

Jiya na ga bidiyon injin harba maganin gobara daga nesa, sai dariya ta ƙwace mini.

Tun ba a yi Jihar Neja ba, ina tsaye garwar fetur ta kama da wuta a tashar Kontagora. Zafi ya hana kowa matsawa.

Kawuna Audu ya zaro majajjawar korar tsuntsayensa, yana ƙulla yashi a tsumma don ya wurga wa wutar.

Mai fetur, wanda kullum ke kiransa dogarin tsuntsaye, ya ce, "Malam Audu, taimaka!"

Ƙullin farko, tim a ƙeyar mai fetur!

Kawu ya ce, "Afuwan Alhaji, tsufa ne."

Sauran kuwa ko ɗaya bai kuskure garwar ba, har wutar ta mutu.

Jama'a, tsakaninku da Allah, tsufa ne?