Kan Keken da Ke Rataye a Madafina

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da yadda kan keken nan ya shigo gidana ba. Yana nan rataye a madafi, a jikinsa nake saƙale ludayi da mara. Baƙi kan tambaya, in ce musu ado ne.

A shekarun casa'in ne, muna Madarumfa, ina da cikin fari. Maigidana mai kaki ne, cikin masu tsaron daji da tafki, kuma an ba shi ƙaramar bindiga yana ɗaurawa a ƙugu. Ban taɓa jin ya harbi ko zomo da ita ba, sai dai goga, kullum tana ƙyalli kamar kwanon amarya. Wata rana a bakin tafki ta suɓuce ta bugi injin ban-ruwa na masu lambu. Ɗan ƙarfen nan da ke bisa bakinta, wanda ake saiti da shi, ake gusa shi dama ko hagu, ya ɓalle ya faɗa ruwa. A wurin aikinsu, da Faransanci, gidon suke ce masa.

Ga shi an sanar za a tara su a Maraɗi gwajin harbi, a duba makamin kowa. Lokacin arewa ba lafiya, kuma ana raɗe-raɗin duk wanda ya yi laifi can za a tura shi. Na ce, "Maigida, ka je ka gaya wa shef ɗinku, shugabanku, mana." Ya ce, "Ke ba ki san aikin kaki ba." Gaskiya ne, ban sani ba.

Yayana direba ne, yana jigilar kaya Jibiya da Katsina. Maigida ya ja shi zaure, ina bayan zana ina jin su. Ga tsoro, ga kunyar suruki, sai ya kasa furta kalmar bindiga. Ya rage murya ya ce, "Yaya, gidon nake so, na ƙwarai, wanda ake iya gyara masa zama. Kada kowa ya ji." Yaya ya ce, "Wannan ne abin ɓoyo? Ka ɗauka an kawo." Ni ma na ɗauka sun fahimci juna. Ashe a bakin direbobi da masu gyaran keke na wajenmu, gidon kan keke ne ko na babur.

Gwaji ya matso sosai kafin Yaya ya dawo. Ya shigo da fara'arsa, ya kwance buhu, ya zaro kan keke sabo fil. Ya ce, "Har ƙararrawa na sa suka ƙara maka," ya latsa ta ta yi ƙara. Maigida ya daɗe yana kallon abin. Na zuba ido in ji ya yi bayani, sai ji na yi ya ce, "Madalla, Yaya, Allah ya ƙara arziki." Ya karɓa hannu biyu, har ya raka shi bakin mota.

Da yake ba wata dabara, ya kwashi bindiga da kan keken ya kai wa wani maƙeri a hanyar Gabi. Maƙerin ya yanki guntun ƙarfen birki, ya goge shi, ya dasa. Bai kuma ruɗe shi ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni bindigar adaka ta mafarauta na sani. Zai zauna, amma ban ce zai nuna maka daidai ba."

Bai nuna daidai ɗin ba. Ran gwaji harsasansa duk suka tafi allon da abokin aikinsa na kusa da shi ke harbi. Mai ajiyar makamai ya karɓi bindigar ya juya ta, sannan ya buɗe wani gwangwanin madara cike da irin ƙarfen nan, sababbi. A gabansa ya fitar da na maƙeri, ya sa na asali, ya ɗan gusa shi har ya zauna tsakiya. Ya ce, "Da ka kawo ta tun farko, kafin shayi ya dahu an gama." Faɗuwar bindiga ba laifi ba ce a wurinsu. Kai makamin gwamnati maƙera, wannan ne laifin.

Aka tura shi arewa. Na haihu ba ya nan, Yaya ne ya tsaya a matsayinsa ran suna. Da Maigida ya dawo yaron har yana gudu, ya miƙa masa hannu, yaron ya zille ya ɓuya bayan Yaya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, shi ma na ga ya sunkuyar da kai.

Tun daga nan na koyi cewa in kana neman abu, ka kira shi da sunansa, ko a gaban wanda ka fi jin nauyi. Kunyar kalma ɗaya ce ta raba ɗa da ubansa. Mu kuwa ba mu taɓa iya gaya wa Yaya ba. Har ya rasu, duk zuwansa sai ya leƙa madafi ya latsa ƙararrawar, ya tambayi Maigida yaushe za a sayo sauran keken.